Yadda Ake Jagorantar Aikin Taimakon Waɗanda Suka Fito Daga Kaso a Damagaram

Ranar sallama, ƙaramar ƙofa ake buɗewa. Mutum ya fito da baƙar leda a hannu, cikinta riga ɗaya da kwano da takardar sallama a ninke. Sai ya tsaya cik, ya dubi gabas ya dubi yamma, ƴan kabu-kabu suna wucewa suna masa oda, shi kuwa ko dala babu a aljihu. Idan ɗan Birni ne ko Zango ko Garin Malam, ƙafa za ta kai shi. Idan daga wani ƙauyen Miriya ko Takeita aka kawo shi, to a tasha zai kwana. Wanda ya kwana biyu a tasha da yunwa, sau da yawa tsoffin abokai ne ke fara ganinsa kafin uwarsa ta gan shi.

Na tsaya a bakin wannan ƙofa sau da dama, kuma abin da na gane shi ne duk wanda ya bari sai ranar sallama ya fara aiki, ya makara. Taimakon mai fitowa yana farawa tun yana ciki, da watanni. Ga yadda muke bi, ga duk wanda Allah ya ɗora wa jagorancin irin wannan aiki.

Mataki na farko: ka shigo ta ƙofa

Kada ka fara da kaso. Fara da takardun ƙungiyarka. Dokar ƙungiyoyi a Nijar tana nan tun 1984, kuma babu shugaban gidan kaso da zai buɗe maka ƙofa don kyan niyyarka kawai. Idan ba ku da izini, ku raɓu da wata ƙungiya da ta riga ta samu, irin su ANDDH da ta daɗe tana harkar kare haƙƙin ɗan Adam, ku koyi aiki a inuwarta.

Da takarda a hannu sai ka yi gaisuwa wuri uku. Na farko mai gabatar da ƙara na babbar kotun Zinder, domin idonsa na kan duk wanda ke tsare. Na biyu shugaban gidan kaso da jami'in kula da jin daɗin ɗaurarru. Na uku ofishin ANAJJ, hukumar da doka mai lamba 2011-42 ta 14 ga Disamba 2011 ta kafa don taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a kyauta. Ofishinta na nan a jikin kotu. Mutane da yawa a garin nan ba su san da ita ba, kuma rabin aikinka shi ne kai su ƙofarta.

Ka san iyakarka tun daga nan. Idan kai ba lauya ba ne, ba ka tsayawa gaban alƙali ka kare kowa. Yawancin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, shi ya sa aka tanadi wasu mutane da ake naɗawa su kare wanda ba shi da lauya. Naka shi ne bayani, rubuta takardar roƙo, bin sawun fayil, da haɗa mutum da wanda doka ta ba ikon kare shi.

Mataki na biyu: tara mutane kaɗan

Biyar sun isa. Ka nemi wanda ya karanta shari'a, ko da sabon fitowa ne daga jami'a. Ka nemi mace mai nutsuwa, domin ɓangaren mata da cikin gidajen aure ba wurin shigarka ba ne. Ka nemi malami da ake jin maganarsa, da mai sana'a da ya san masu gareji da teloli da dukawa. Na biyar shi ne wanda ake mantawa: mutumin da ya taɓa zaman kaso ya fito ya gyaru. Shi ne zai gaya maka lokacin da ake yi maka ƙarya, kuma shi ne ɗaurarru za su yarda da shi kafin su yarda da kai.

Dokokinmu uku ne, kowa yana sa hannu. Ba a karɓar ko dala daga ɗaurarre ko danginsa, ko da sunan goro. Abin da aka ji a ciki ba ya fita fada, wato majalisar hira. Ba a yi wa kowa alkawarin ranar fita. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya, domin uwa za ta riƙe maka hannu tana kuka tana cewa "Ɗana, gaya mini gaskiya, zai yi salla a gida?" Abin da za ka ce mata shi ne, "Inna, ga inda takardarsa take, ga abin da za mu yi a wannan makon."

Mataki na uku: zauna da mutum, ka karanta fayil ɗinsa

A nan aikin yake, kuma a nan ake son haƙuri. Mutanen da ke ciki kashi biyu ne: wanda aka yanke wa hukunci, da wanda ke jiran shari'a. Kada ka gauraya su a littafi ɗaya. Mai jiran shari'a yana iya fita gobe ba zato, ta hanyar sakin wucin gadi ko wankewa, kuma doka ta ƙayyade tsawon lokacin da za a iya riƙe shi. Duk wanda ka ga zamansa ya yi tsawo ba a kira shi ba, rubuta sunansa da ranar da aka kawo shi, ka kai wa ANAJJ a wannan makon. Fayil yakan kwanta a ƙasan wasu fayiloli ba da mugun nufi ba, sai don babu mai tambaya.

Wanda aka yanke wa hukunci kuwa, abu huɗu za ka tabbatar, kuma daga takarda za ka tabbatar da su, ba daga bakinsa kawai ba.

Ranar da aka fara tsare shi. Zaman da ya yi kafin hukunci ana cire shi daga wa'adin. Da yawa suna ƙirga daga ranar da alƙali ya yi magana, sai su ƙara wa kansu watanni a zuci. Ɗauki alƙalami ku ƙirga tare, ka je wurin magatakardan gidan kaso ka gwada lissafinka da nasa.

Tara da kuɗin kotu da diyya. Wannan shi ne ramin da ya fi cin mutane. Hukunci yakan zo da ɗauri da kuɗi a haɗe, mutum ya riƙe shekarun ya manta da kuɗin. Doka ta yarda a tsare mutum don tilasta shi biyan irin wannan bashi. Saboda haka tun da sauran watanni ka kira dangi, ka faɗa musu adadin, a fara tarawa. Duk abin da aka biya a karɓi rasit, a ɗauki hotonsa a waya, a ajiye asalin a wurin da ɗaurarren ya amince.

Ko ya cancanci saki bisa sharaɗi. Wanda ya ci wani kaso na wa'adinsa, halinsa ya yi kyau, yana iya roƙo a sake shi kafin lokaci. Abin da ke ƙarfafa irin wannan roƙo shi ne shaidar inda zai zauna da abin da zai yi. Takardar mai gareji da ya ce zai ɗauke shi, da ta kawunsa da ya ce ga ɗaki, sun fi dogon magiya nauyi.

Ko akwai wata ƙara da ke jiransa a wani wuri. Babu abin da ke karya zuciya kamar a shirya wa mutum tarba, a bakin ƙofa jandarma su tafi da shi Magarya ko Gure kan wata tsohuwar magana.

Sai kuma afuwar shugaban ƙasa, wadda ba ta sanarwa da wuri. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, an yi wa ɗaurarru 1,540 afuwa a faɗin ƙasa a lokaci guda. Irin wannan rana alheri ce, amma mutane suna fitowa ne babu wanda ya shirya musu. Shi ya sa nake son kowane mai sauran wata shida ya riga ya shiga littafinmu: sunan garinsu, lambar wayar mutum biyu daga danginsa, da sana'ar da ya iya.

Yara ƴan ƙasa da shekara 18 hanyarsu daban ce. Suna da alƙalinsu, bisa dokar 2014 da ta tsara kotunan yara. Idan ka tarar da yaro da aka rubuta masa shekarun manya don ba shi da takardar haihuwa, ajiye komai ka bi wannan.

Mataki na huɗu: takardu

Wanda ba shi da takardar haihuwa ba ya samun katin ɗan ƙasa. Wanda ba shi da kati, shingen farko a hanyar Matamai za a sauke shi daga mota, kuma mai fitowa daga kaso ba ya son a ce "sauko" ko da wasa. Idan ba a rubuta haihuwarsa ba tun yana jariri, ana neman hukuncin kotu da ke maye gurbin takardar, da shaidu biyu da suka san haihuwarsa. Fara wannan tun yana ciki. Ka kasa kunne kuma ga lokacin da alƙalai ke fita ƙauyuka suna bayar da irin waɗannan takardu a taron jama'a.

Takardar sallama a yi mata kwafi ranar da aka fito. Ita ce amsarsa idan wani ya ce gudowa ya yi.

Akwai kuma takardar da ke nuna ko an taɓa hukunta mutum, wadda ake karɓa a kotun yankin da aka haife shi, ake nema wurin gasar ɗaukar ma'aikata. Gaya masa gaskiya cewa hukuncinsa zai iya fitowa a kai. Ka gaya masa kuma cewa doka ta buɗe hanyar wanke suna bayan wani lokaci, ga wanda ya biya abin da ke kansa bai sake laifi ba. Rubuta masa wannan a takarda, domin ranar da zai buƙace shi ƙila ba ka kusa.

Mataki na biyar: gida, da gidan da aka yi wa laifi

Zan faɗi kuskuren da na yi, don kada wani ya maimaita. Wani saurayi ne da aka ɗaure kan sara da ya yi wa maƙwabcinsu a rigimar ƴan pale, wato gungun samarin unguwa. Mun gyara takardunsa, mun samo masa wurin koyon walda, mun je gidansu sau uku. Mahaifiyarsa ta share ɗaki, ta sayi sabuwar tabarma, ranar fitowa ta dama fura. Abin da ban yi ba shi ne taka ƙafa zuwa gida na huɗu a layin, inda wanda aka sara yake zaune da hannun da bai ƙara miƙewa daidai ba. Da magariba ya fito alwala sai ya ga wanda ya sare shi a ƙofar gida ana yi masa barka. Kafin isha ƴan'uwansa sun taru. Allah ya tsare ba a zubar da jini ba, amma a daren muka ɗauke yaron zuwa wurin gwaggonsa, koyon waldar ya lalace, kuma laifin nawa ne.

Tun daga ranar, gidan da aka cuta muke fara zuwa, da wata guda kafin fita. Ba ni kaɗai ba, kuma ba kai tsaye ba. Mai unguwa ake fara samu. "Ranka ya daɗe, ɗanku wane zai dawo ranar kaza, mun zo ne ka shige mana gaba." Shi zai san wanda ya kamata a tura, ko liman, ko wani dattijo da gidajen biyu ke jin kunyarsa. Idan an zauna, a bar wanda aka cuta ya yi magana har ya gaji. Kada a ce masa "ka yi haƙuri" tun bai gama ba. Kada kuma a tilasta masa yafiya a gaban jama'a. Yafiyar kunya ba ta kwana. Abin da ake nema da farko ƙarami ne: kada a taɓa juna, kuma idan akwai diyya, a tsara yadda za a biya, a rubuta. Idan laifin fyaɗe ne ko kisa, kada ka yi tunanin mayar da mutum layi ɗaya da waɗanda ya cuta. Nema masa wani gari.

Sannan gidansu. Tambayi abin da ya faru da dukiyarsa. Gona da aka ba wani aro, ko aka jinginar don a kai masa abinci, ko gadon da aka raba yana ciki. Dokar 2015 kan sarakunan gargajiya ta ba su ikon sulhu a irin waɗannan rigingimu, daga mai gari har fadar Sarkin Damagaram, kuma maganar gona akwai kwamitocin filaye da tsarin dokar karkara ta 1993 ya kawo. Duk sulhun da aka yi a nemi takardarsa da sa hannu.

Mata sun fi shan wuya a nan. Namiji yakan fito ya tarar da matarsa tana jira. Mace sau da yawa takardar saki ke riskarta a ciki, ƴaƴa kuma an kai su gidan kishiya ko dangin miji. Abokiyar aikinku ta fara zuwa wurin iyayenta da wuri, ta ji ko za su karɓe ta. Idan sun ƙi, a nemi inna ko gwaggo. Maganar ganin ƴaƴa kuma a kai ta gaban alƙali idan sulhu ya gagara.

Mataki na shida: ranar fita da mako na farko

Wani ya je ya tsaya a ƙofa, ɗan'uwa ya fi, idan babu to ɗayanku. A zo da riga wankakkiya da takalmi da kuɗin mota. Idan tafiyar ta ƙauye ce, a biya kuɗin a hannun direba, a kira wanda zai tarbe shi a can.

Tambayi magani. Wanda ke shan maganin tarin fuka, wata shida ake yi ba yankewa, kuma kyauta ne. Idan ya fito a tsakiya, a karɓo masa takarda daga ma'aikacin lafiya na kaso, a kai shi likita mafi kusa da gidansu a cikin kwana biyu. Haka mai shan maganin ƙanjamau. Wanda tiramol ko sholisho ya kai shi ciki, kada a ɓoye wa dangi, kada kuma a ɗaure shi da mari. A kai shi wurin masu duba ƙwaƙwalwa a babbar likita.

A kwana bakwai na farko a gan shi sau uku. Ba sai an yi dogon zance ba. A zauna a sha shayi, a tambaye shi ko yana barci.

Mataki na bakwai: abin yi

Ban yarda da ba mutum jari a hannu a makon farko ba. Bashi yana jiransa, ƴan'uwa suna jira, kuɗin zai narke kafin Juma'a. Abin da ya fi shi ne ubangida: mai gareji, mai walda, tela, baduku, mai lambu, ko ɗan kasuwa a Kasuwar Dole da ke son mai tsaron shago. Faɗa wa ubangidan gaskiyar laifin, da izinin mai fitowar. Idan ka ɓoye ya ji a bakin wani, ka rasa wurin har abada, ba don wannan kaɗai ba har da na bayansa. A yi yarjejeniya ta wata uku: abincin rana, ɗan kuɗin sabulu, da ranar da za ka riƙa leƙowa. Kayan aiki, idan ƙungiya za ta saya, a ajiye su a shagon, su zama nasa bayan ya cika lokacin.

Matasa kuma a duba musu cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi, a bi sanarwar FAFPA, asusun da ke tallafa wa koyon sana'a. Da yawa za su ce maka ruwa-ruwa za su koma, sayar da man fetur na bakin hanya, domin kuɗinsa a hannu yake. Kada ka yi masa wa'azi. Zauna ku yi lissafin abin da ya samu a shekarar da ya yi yana yi, da abin da ya rasa a shekarun da ya yi a ciki.

Mataki na takwas: fita cikin jama'a

Taron otal da lasifika da ruwan leda ba ya kai saƙo inda ake bukata. Je fada da dare, a Kara-Kara ko Sabon Gari ko duk inda samari ke kwana kan benci, ka bari a zuba maka shayi na farko da na biyu kafin ka buɗe baki. Magana ɗaya a zama ɗaya: yau abin da mutum zai yi idan an kama ƙanensa, wani makon bambancin mai jiran shari'a da wanda aka hukunta, wani makon hukuncin je-ka-gyara-halinka, da kuma aikin amfanin jama'a da dokar 2017 ta kawo a madadin ɗauri kan ƙananan laifuka. Ka faɗa ka sake faɗa cewa taimakon ANAJJ ba a biyansa, domin akwai ƴan tsakiya da ke cin kuɗin tsofaffi da sunan za su ga alƙali.

Rediyo yana shiga inda ba ka shiga, har cikin ɗakin matan kulle. Nemi rabin awa a mako a ɗaya daga gidajen rediyon gari, a buɗe waya. Kada a kama sunan kowa, kada a tattauna shari'ar da ke gaban kotu. Limamai kuma a roƙe su su taɓo maganar gori a huɗuba. Kalmar "ɗan kaso" da ake jifan mutum da ita a wurin biki ko a bakin famfo tana mayar da mutane ciki fiye da yadda ake zato. Wanda ya taɓa zama a ciki, kada ka tsayar da shi gaban taro ya ba da labarinsa sai in shi ya nema, kuma ban da hoto a Facebook.

Mataki na tara: bibiya da lissafi

Bayan makon farko, a leƙa shi sau ɗaya a mako har wata uku, sannan sau ɗaya a wata har shekara. Littafin sunaye ya zauna a akwati mai makulli. A rahoton da za ka ba masu tallafi lamba za ka sa a madadin suna. Kuɗin ƙungiya mutum biyu ke sa hannu, ko jika ɗaya ce a rubuta.

Wasu za su koma ciki, duk da abin da kuka yi. Idan haka ta faru, je ka gan shi a makon da aka mayar da shi, ka buɗe tsohon shafinsa a littafi, ka duba wane mataki ne aka tsallake: kati ne bai fito ba, ubangida ne ya kore shi, ko gida ne suka rufe ƙofa. Rubuta amsar a ƙasan shafin, sannan ka tambaye shi ranar da aka fara tsare shi a wannan karon, ku fara ƙirga.